Injin Da Aka Wahalar A Ɗaki Kafin Ranar Tsere

A garin Le Mans na ƙasar Faransa akan yi wani tseren motoci na awa 24 cur, dare da rana. Cikin 1964 kamfanin Ford na Amurka ya shiga da motarsa GT40 guda uku, ba wadda ta kai ƙarshe. Cikin 1965 ya komo da shida, duk suka mace a hanya, waɗansu giya ta lalace, waɗansu inji ya ɗau zafi. Ferrari ta Italiya kuwa sai lashewa take yi.

To, daga nan injiniyoyin Ford suka daina gyaran kirdado. Suka ɗaure injin nan mai lita 7 bisa wata na'ura cikin ɗaki, tana sa shi gudu da sassautawa da canjin giya, tamkar yana filin tseren, ana neman ya jure awa 48. Abin da ya fara karyewa sai a kwance shi, a binciki dalili, a ƙarfafa, a sake ɗaurawa. Aiki ne mai gundura, ba kuwa mai tafa wa mutum.

Cikin 1966 motocin Ford suka zo na ɗaya da na biyu da na uku. Da irin injin nan suka sake ci a 1967, kana aka yi dokar da ta hana manyan injuna shiga.