Rubutun Gaban Riga

Rido gari ne da ke kudu da Kogin Kaduna, kusa da matatar mai wadda aka buɗe a 1980. Da yamma, in rana ta yi sanyi, yara su kan taru a fili su buga ƙwallo. Waɗansu ko takalmi ba su da shi, amma da wuya a rasa mai sanye da rigar wani shahararren ɗan wasa. Wannan ba abin mamaki ba ne, gama a Kaduna aka haifi Rashidi Yekini da Daniel Amokachi, kowane yaro kuwa so ya ke ya gaje su.

Irin wannan riga tana da rubutu biyu. Na baya sunan ɗan wasa ne, shi yaro ya ke dubawa kafin a saya masa. Na gaba kuwa sunan wani kamfani ne, watau talla ke nan. Kamfanin ya kan biya ƙungiya kuɗi masu yawa don a sa sunansa a ƙirjin 'yan wasanta. Ya san in mutane suna son gwani, sai su so abin da suka gani a jikinsa. Saboda haka ne aka daɗe ana ganin Nwankwo Kanu cikin tallan madarar Peak. Ba wanda ya ga laifinsa, domin madara abinci ce mai gina jiki.

To, amma ba kowane talla ne na madara ba. Akwai wani ɗan wasan ƙasar Mali, sunansa Frederic Kanoute, wanda ya buga wa ƙungiyar Sevilla ta ƙasar Sifen. A 2006 aka ba shi riga mai sunan wani kamfanin caca. Shi kuwa Musulmi ne. Sai ya sami abin liƙi ya rufe sunan, ya shiga fili haka nan. Daga baya aka daidaita, ya yarda ya sa rigar, amma duniya ta riga ta ji dalilinsa. Mutane suka ƙara ganin girmansa sa'ad da ya sa kuɗinsa, a 2007, ya sayi ginin wani masallaci a garin don kada a rufe shi.

A 2013 wani ɗan Senegal, Papiss Cisse, ya yi irin wannan a ƙungiyar Newcastle ta Ingila. Ya ce ba zai sa riga mai sunan Wonga ba, don kamfanin yana ba da bashi da ruwa. Jama'a suka rabu biyu, waɗansu suna yabonsa, waɗansu suna cewa ai albashinsa daga irin kuɗin nan ya ke fitowa. Ana cikin haka sai jaridu suka buga hotonsa a wani gidan caca. Nan da nan masu yabo suka yi tsit. Ba a jima ba ya karɓi rigar. Maganarsa ta farko dai ba ta zama ƙarya ba, sai dai mutane sun fi duban aikin mai magana.

Kukan iyaye da malamai game da tallan caca bai tafi a banza ba. A 2023 manyan ƙungiyoyin Ingila suka amince su cire sunayen kamfanonin caca daga gaban rigunansu tun daga 2026, ko da ya ke ba su hana sa su a hannun riga ba. Tsofaffin rigunan kuwa ba a ƙone su ba. Su kan zo cikin dilar gwanjo har Kasuwar Barci, wani uba ya saya wa ɗansa, yaro ya sa ya tafi fili, bai ko karanta abin da ke ƙirjinsa ba.