Tabulet Ko Kwamfutar Cinya?

A garin Villeurbanne, daura da Liyon a ƙasar Faransa, akwai makarantar injiniyoyi, INSA, wadda aka kafa a 1957. Shin ɗalibinta zai iya ajiye kwamfutar cinya, tabulet ta ishe shi?

Ita tabulet kamar allon almajiri take, ta kuwa yaɗu ne bayan fitowar iPad a 2010. Ba ta da nauyi, batirinta yakan kai wajen awa 10. Wajen karatu da rubutu da alƙalami, sai madalla. Amma fa CATIA, manhajar zanen injuna, a kan Windows take aiki. iPad ba ta ɗaukarta. Buga doguwar takarda bisa gilashi kuma wahala ce, sai an sayi allon haruffa: kuɗi ya ƙaru, nauyin da aka guda ya dawo.