Samarin Ingila Da Suka Fid Da Faifansu Da Kansu

Duk wanda ya taɓa riƙe faifan garmaho ya ga sunan wani babban kamfani a tsakiyarsa, kamar EMI ko Decca. A Ingila, har zuwa 1976, da wuya mawaƙi ya fid da faifai in ba ta hannun irin waɗannan kamfanoni ba. Kamfani ke biyan kuɗin ɗaukar murya, shi ke zaɓen abin da za a fitar, ran da ya gaji da mutum kuwa ya sallame shi. Haka EMI ta yi wa ƙungiyar Sex Pistols cikin Janairu 1977, wata uku kacal bayan sun ƙulla yarjejeniya.

To, cikin wannan watan ne waɗansu samari huɗu na birnin Mancesta, masu kiran kansu Buzzcocks, suka nuna wata hanya dabam. Kiɗansu shi ne wanda Turawa ke kira "punk", watau gajerun waƙoƙi masu sauri, da ƙarar jita da ganga, ba ado ba kwalliya. A kunnenmu dai hayaniyarsa ta fi daɗinsa yawa, amma dabararsu ta isa a duba.

Sun bi 'yan'uwa da abokai sun ranto wajen fam 500. Ran 28 ga Disamba 1976 suka ɗauki waƙa huɗu, suka sa aka buga musu faifai 1,000 mai suna Spiral Scratch, da sunan ɗan kamfanin da suka kafa, New Hormones. Da faifan ya ƙi tafiya, bashin dangi na wuyansu, ba wanda zai ɗauke musu. Sai ga shi ya ƙare, aka yi ta sake bugawa har aka sayar da wajen 16,000, waɗansu ta gidan waya, waɗansu ta ƙananan kantuna irin Rough Trade na Landan.

Abin da ya fi ƙayatad da mu shi ne yadda na bayansu suka ƙi ɓoye sirrin sana'a. Ƙungiyar Desperate Bicycles ta sanar cewa fam 153 ta kashe ta sami faifai 500. A 1978 kuma 'yan Scritti Politti suka jera kuɗin da suka kashe a jikin jakar faifansu, dalla-dalla, sai ka ce akawun baitulmali ya rufe lissafin wata. Nufinsu duk yaron da ya karanta ya gane shi ma zai iya. Da yawa kuwa sun gwada, John Peel na rediyon BBC ya riƙa sa irin waɗannan faya-fayai da dare, ƙasa duka na ji.

Su Buzzcocks ba su daɗe a wannan tafarki ba. Mawaƙinsu Howard Devoto ya bar su 'yan makonni bayan fitowar faifan, cikin Agusta 1977 kuma sauran suka sa hannu da babban kamfanin United Artists.