Shaihu Umar: Daga Littafi Zuwa Fim

Cikin tsofaffin finafinan Hausa, Shaihu Umar ya cancanci ɗalibi ya fara da shi. Asalinsa littafi ne na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka buga a 1934. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan kwaikwayo, sannan Adamu Halilu ya shirya fim ɗinsa a 1976.

Labarin wani yaro ne da aka sace, aka ƙetare hamada da shi. Uwarsa ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa hannun masu cinikin bayi. A littafin, daga bakin Shaihu muke jin wannan wahala. A fim kuwa, ido ke ganinta. Saboda haka a fara karanta littafin kafin kallo, a lura da wuraren da hoto ya maye gurbin magana.