Jan 'Ya'ya da Keke Mai Batir: Inji Yana Ja, Wa Zai Tsayar?

Wanda ya taɓa ɗaukar yara biyu a kan keke, ɗaya a gaba ɗaya a baya, ya san wahalar abin. Ga nauyi, ga tsoron kada ƙafar yaro ta shiga cikin ƙafar keke. A ƙasashen Jamus da Holan da Denmak iyaye da yawa sun sami wata dabara. Suna ɗaura wata 'yar tirela mai ƙafa biyu a bayan keke, kamar ƙaramin amalanke mai rumfa, su zaunar da yara ciki su kai su makaranta. Yanzu kuwa da yawansu keke mai batir suke ja da shi. Mun ga ya kamata mu duba wannan al'amari tare da masu karatu, gama akwai darasi a ciki ga dukan mai ɗaukar yaro a kan abin hawa.

Mafarin abin

Tirelar yara ba sabuwa ba ce. Kamfanin Burley, wanda aka kafa a shekarar 1978 a jihar Oregon ta Amurka, yana cikin waɗanda suka yi suna wajen ƙera ta. Keke mai batir irin na yau kuwa, watau wanda injinsa yake taimakon mahayi sa'ad da yake taka feda, kamfanin Yamaha ya fara sayar da shi a Japan a 1993. Da aka haɗa su biyu, sai uwa wadda dā ba ta iya hawan tudu da yara biyu ta iya, ba tare da ta jiƙe da gumi ba.

A ƙasashen Tarayyar Turai, keken da doka take ɗauka kamar keke na kullum shi ne wanda ƙarfin injinsa bai wuce wat 250 ba, injin kuma yakan daina taimako in gudu ya kai kilomita 25 a sa'a. Akwai wani iri mai kai kilomita 45 a sa'a, amma a Jamus an hana jan tirelar yara da shi. Dokar hanya ta Jamus ta kuma ce kada yara su wuce biyu a tirela, kada su wuce shekara 7 da haihuwa, sai dai yaro mai naƙasa, mai jan su kuma ya kai shekara 16.

Inda haɗarin yake

Mai keke na kullum ƙafafunsa suna gaya masa gaskiya. In kaya ya yi nauyi zai ji a cinyarsa, ya rage gudu ko bai so ba. Inji kuwa yana ɓoye nauyin. Mahayi yana tafiya cikin sauƙi har ya manta akwai rayuka biyu a bayansa. Amma fa injin da ya taimake shi tashi ba shi ne zai tsayar da shi ba. Wannan aikin birki ne, yawancin tirelolin nan kuwa ba su da birkin da yake aiki a kan tafiya, sai na ajiyewa kaɗai.

Bari mu yi lissafi kamar yadda muke yi da 'yan makaranta. A ce keke kilo 25 ne, uwa kilo 70, tirela kilo 15, yara biyu kilo 30. Jimla kilo 140 ke nan, 45 daga ciki kuwa suna turo keken daga baya duk lokacin da aka kama birki. Ga wani abu kuma: ƙarfin da birki zai kashe ba daidai da gudu yake ƙaruwa ba. In gudu ya ninka biyu, ƙarfin ya ninka huɗu. Saboda haka mai gudun kilomita 25 a sa'a yana bukatar fili kusan ninki uku na mai gudun 15 kafin ya tsaya. A gangara, ko bayan ruwan sama, abin ya fi haka.

Don haka ne kamfanin Burley yake gargaɗi kada a wuce kilomita 24 a sa'a a hanya mai santsi miƙaƙƙiya, kada kuma a wuce 8 a kwana ko a hanya mai gargada. Tirela takan kife in ƙafa ɗaya ta hau dutse ko bakin titi ana cikin kwana da gudu.

Wurin ɗaurawa

Ana ɗaura tirela a ƙarfen da ya ratsa tsakiyar ƙafar baya, yawanci ta hagu. Mahaɗin yana da gaɓa mai lanƙwasa, domin ko keke ya faɗi tirela ta tsaya a kan ƙafafunta. Akwai kuma maɗauri na biyu da ake zagaya wa jikin keke, don ya riƙe in mahaɗin ya kwance. Kada a raina shi. Kekuna masu batir ba iri ɗaya ba ne: waɗansu injinsu yana wajen feda, waɗansu yana cikin ƙafar baya, inda noti da waya sukan hana mahaɗi zama daidai. Akwai kuma masu ƙera keke da ba su yarda a ja tirela da nasu ba sam. Sai a karanta takardar da ta zo da keken tukuna, a kuma bar makaniki ya ɗaura.

Abin da za a kiyaye

Likitocin yara a Amurka suna ba da shawara kada a ɗauki jaririn da bai cika shekara 1 ba, gama wuyansa bai yi ƙwarin ɗaukar hular kwano da jijjiga ba. Wanda ya isa, a sa masa hula, a ɗaure shi da ɗamarar kujera. In yaro ɗaya ne a tirela mai wurin mutum biyu, a bi abin da takardarta ta faɗa game da inda zai zauna. A rufe ragar gaba, domin ƙafar keke tana watso tsakuwa daidai fuskar yaro. Tirela gajeruwa ce, direban babbar mota ba ya ganinta da wuri, don haka a kafa mata doguwar tuta, a sa fitila da dare. Ta kuma fi keke faɗi; inda mahayi ya wuce ba lalle ita ta wuce ba.

A tashi da ƙaramin taimakon inji, kada a fizgi yara. A tuna batir zai ƙare da wuri saboda nauyi, kuma jan kilo 140 zuwa gida da ƙafa kaɗai ba wasa ba ne. Kafin a sa yaro ciki, a ɗora buhun hatsi mai nauyinsa a gwada tashi da kwana da birki a fili.

Ko ba mu da tirela, mu iyaye masu ɗaukar 'ya'ya a keke ko babur, tambayar ɗaya ce. Kafin mu tambayi yawan gudun da inji zai ba mu, mu tambayi ko za mu iya tsayawa in akuya ta tsallaka hanya. Yaron da yake baya bai san birki ba, bai san kwana ba. Ya dogara gare mu ne kawai. Sannu ba ta hana zuwa.