Mu San Majigi

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Malamin gona ya iya yini yana bayanin yadda a ke feshin wake, wasu su gane, wasu su kasa. In ya nuna hoton aikin a bango, kowa zai gani da idonsa. Wannan shi ne amfanin majigi a ajinmu. Amma majigi yana da tsada, kuma sau da yawa guda ɗaya ne a ke zagawa da shi ƙauyuka da dama. In ya lalace a hannunmu, mun yi hasara, mun kuma jawo wa maƙwabtanmu. Saboda haka za mu bi sassansa ɗaya bayan ɗaya, mu karanta abin da aka rubuta a jikinsa, mu san yadda a ke kunna shi da yadda a ke kashe shi.

Asalin Majigi

Kalmar majigi daga Turanci muka aro ta. Akwai wata tsohuwar fitila mai jefa hoto a bango, wadda Turawa su ke kira fitilar siddabaru. Sunanta ne ya zama majigi a bakin Bahaushe. A shekarar 1939 Gwamnatin Ingila ta kafa ofishin shirya fim domin ƙasashen da ta ke mulka. A zamanin En'e motocin majigi sun riƙa zagaya garuruwan Arewa. Su kan tsaya a ƙofar fada ko a filin kasuwa, in dare ya yi su nuna fim a kan tsabta da noma, wani yana bayani da Hausa ta lasifika.

Majigin wancan zamani da zaren fim ya ke aiki, mai faɗin milimita 16, a naɗe a jikin faifai. Hotuna 24 ne su ke wucewa gaban fitila a kowace daƙiƙa, ido ya ga kamar motsi. Majigin yanzu ba shi da zare. Daga kwamfuta ko wayar hannu ya ke karɓar hoto. Amma gindin aikin yana nan yadda ya ke, watau fitila mai ƙarfi, da ido na gilashi, da farin bango.

Gaban Majigi

Mu fara da gaba. Nan ne idon majigi ya ke, gilashi ne kewayayye, ta cikinsa haske ya ke fita. Yana da murfi. Kullum a cire murfin kafin a kunna, domin zafin hasken ya iya narka shi. Kada a taɓa gilashin da yatsa. Kada kuma kowa ya leƙa cikinsa in yana kunne, hasken yana ɓata ido. A kula da yara ƙwarai a kan wannan.

Kusa da idon akwai zobba biyu da a ke murɗawa. Na ɗaya an rubuta masa FOCUS. Shi ne mai gyara hoto in ya yi dishi-dishi. A murɗa shi a hankali har rubutun da ke bango ya fito sarai. Na biyu an rubuta masa ZOOM. Shi ne mai ƙara girman hoto ko rage shi kaɗan. Ƙananan majigai da yawa ba su da wannan na biyu, sai dai a matsa da su gaba ko baya.

Maɓallan Sama

A bisa majigi akwai maɓallai. Sunayensu da Turanci ne, amma baƙaƙen boko ne da muka riga muka koya. Wanda ya iya haɗa baƙi zai gane su.

POWER shi ne makunni. Alamarsa da'ira ce da ɗan layi a tsaye a samanta. Da shi a ke kunnawa, da shi a ke kashewa.

SOURCE, a wani majigin kuwa INPUT, shi ne mai zaɓen inda hoto zai fito. Majigi yana da kafofi da yawa a baya, kamar gida mai ƙofofi. Wannan maɓalli shi ne ya ke gaya masa ƙofar da zai dubi baƙo.

MENU shi ne mai buɗe jerin gyare-gyare a bango, irin su haske da launi. Kibiyoyi huɗu da ke kusa da shi, da su a ke hawa da sauka cikin jerin. Wanda bai saba ba ya bar wannan ga malamin aji.

KEYSTONE shi ne mai miƙe gefen hoto. In an ɗaga gaban majigi sama, hoton ya kan yi faɗi a sama ya tsuke a ƙasa, kamar bokiti. Da wannan maɓalli a ke daidaita shi.

Har wa yau akwai 'yan fitilu ƙanana masu ba da labari. Wadda aka rubuta wa TEMP, in ta yi ja, majigi ya yi zafi ke nan. Wadda aka rubuta wa LAMP tana nuna ƙwan fitila ya tsufa ko ya sami matsala. Mai lura da majigi ya riƙa duban su lokaci lokaci.

Kafofin Baya

Yanzu mu juya bayansa. Kowace kafa da irin wayarta, kuma kowace waya ta fuska ɗaya ta ke shiga. In ta ƙi shiga, kada a danna da ƙarfi. A juya ta, a sake dubawa.

Kafar wuta ita ce babba, yawanci mai haƙora uku. Wutar lantarki ta Nijeriya bolt 230 ce. Yawancin majigai suna karɓar daga bolt 100 zuwa 240, kuma an rubuta wannan a wata 'yar takarda da ke manne a ƙarƙashinsu. Mu karanta ta kafin mu jona.

HDMI siririyar kafa ce mai faɗi. Wayarta tana ɗauko hoto da murya gaba ɗaya. Ita aka fi amfani da ita yanzu.

VGA tsohuwar kafa ce, yawanci shuɗiya, mai ƙananan ramuka 15 a layi uku. Hoto kaɗai ta ke ɗaukowa, ban da murya. Alluran wayarta sirara ne, in ɗaya ta lanƙwashe launin hoto ya kan ɓaci. Tana da kusoshi biyu a gefe da a ke murɗawa don ta zauna daram.

USB ita ce kafar da a ke cusa filashi, watau ɗan abin nan da a ke ajiye hotuna da fim a ciki. Ba kowane majigi ba ne ya ke iya nuna abin da ke cikin filashi kai tsaye.

AUDIO OUT ɗan rami ne kewayayye, irin na abin sauraro na waya. Daga nan a ke jan waya zuwa lasifika. Lasifikar da ke cikin majigi ƙarama ce, ba ta isar taro a fili.

Ƙafafu da Tagogin Iska

A ƙarƙashin majigi akwai ƙafafu da a ke murɗawa, su yi tsawo ko su gajarta. Da su a ke ɗaga hoto. Kada a yi masa waigi da littafi ko tsumma, gama suna toshe hanyar iska.

A gefensa akwai tagogi masu raga. Ta ɗaya iska mai sanyi ta ke shiga, ta ɗaya mai zafi ta ke fita. Fanka ce a ciki ta ke wannan aiki. Ku riƙe wannan da kyau: babban abokin gaban majigi zafi ne, na biyu ƙura, domin ita ma zafin ta ke jawowa. A bar fili kamu ɗaya tsakanin tagogin da bango. Majigai da yawa suna da rariya ta soso a bakin tagar shigar iska. Da hunturu ƙura ta kan toshe ta da sauri. A ciro ta a kakkaɓe, a mayar, amma sai majigi yana kashe kuma ya huce.

Kayan da ke Tafe da Shi

Majigi ba ya zuwa shi kaɗai. Ga abin da a kan samu tare da shi: jaka, da murfin ido, da wayar wuta, da wayar hoto, da rimot, da littafin bayani. Rimot yana da maɓallai irin na jikin majigi, yana aiki da ƙananan batura biyu. A nuna shi saitin majigi. In za a daɗe ba a yi aiki da shi ba, a cire baturan, don kada su zubo su ci shi.

Akwai kuma abin da aji zai tanada. Na farko tebur mai ƙarfi wanda ba ya rawa. Na biyu doguwar waya mai soket. Na uku sitabilaiza, mai daidaita wuta in tana hawa da sauka. Na huɗu wurin nuna hoto: bango da aka shafe da farar ƙasa, ko farin ƙyalle da aka ɗaure kusurwoyinsa huɗu don kada iska ta kaɗa shi. Wanda zai nuna abu daga wayar hannu zai bukaci 'yar mahaɗa tsakaninta da wayar HDMI, kuma ba kowace waya ce ta ke yarda ba. A gwada tun da rana.

Nisa da Bango

In majigi ya yi nisa da bango, hoto ya kan yi girma, amma haskensa ya ragu. In aka ninka nisa sau biyu, faɗin hoto zai ninku sau biyu, tsayinsa ma haka. Hasken da ya cika ƙyalle ɗaya zai rabu a wurin ƙyalle huɗu. Don haka ne a ke nuna majigi da dare, ko a ɗakin da aka rufe tagoginsa. Ga yawancin majigai, nisan mita 3, watau kamar taku huɗu, ya kan ba da hoto mai faɗin mita ɗaya da rabi zuwa biyu. Wannan ya ishi aji.

Yadda A Ke Kunnawa

1. A ɗora majigi a tebur, ya fuskanci bango sosai.
2. A jona wayar hoto da ta lasifika.
3. In da janareto za a yi aiki, a duba mai, a ta da shi, a bari muryarsa ta daidaita. A waje a ke ajiye shi, nesa da ƙofa da taga, domin hayaƙinsa yana kisa.
4. A jona wayar wuta ta cikin sitabilaiza.
5. A cire murfin ido, a danna POWER sau ɗaya, a jira. Haske ba ya cika nan take.
6. A kunna kwamfuta, a danna SOURCE har hoto ya fito.
7. A gyara ƙafafu, sa'an nan ZOOM, sa'an nan FOCUS.

Yadda A Ke Kashewa

A nan ne aka fi yi wa majigi ɓarna. An gama kallo, kowa yana saurin tafiya gida, sai wani ya fizge waya ko ya kashe janareto. Fanka ta tsaya, alhali ƙwai yana da zafi ƙwarai. Wannan yana rage kwanan ƙwai.

Ga yadda ya kamata. A danna POWER. Majigai da yawa su kan yi tambaya a bango, sai a sake dannawa. Haske zai ɗauke, amma fanka za ta ci gaba da juyawa minti ɗaya ko biyu. A jira ta yi shiru. Sa'an nan a zare wayar wuta, a riƙe kanta, ba a jan igiyar. Bayan haka a kashe janareto. A mayar da murfi, a bar majigi ya huce kafin ya shiga jaka. In wuta ta ɗauke da kanta ana cikin kallo, kada a yi gaggawar sake kunnawa, a ba shi 'yan mintoci.

Mu yi ɗan lissafi. Masu ƙera majigi su kan ƙiyasta wa ƙwai awa 3,000 ko fiye. In ana aiki da shi awa 4 a mako, a shekara awa 208 ke nan. Ƙwai ɗaya ya iya kai shekara 14. Gaggawar minti biyu kuwa ta iya gajarta wannan, kuma ba a kowace kasuwa a ke samun sabo ba. In ƙwai ya fashe, kowa ya fita, a buɗe tagogi, gama akwai zaiba a cikinsa, ita kuwa guba ce. Akwai majigai masu wata irin fitila da a ke kira LED, wadda ta kan kai awa 20,000. Su ma ba sa son zafi da ƙura.

In Ya Ƙi Aiki

In babu haske sam, a duba wayar wuta da murfin ido. In akwai haske babu hoto, a duba wayar hoto, a danna SOURCE. In akwai hoto babu murya, a duba ko VGA aka jona ba tare da wayar lasifika ba. In ya mutu da kansa, fitilar TEMP ta yi ja, a duba tagogin iska da rariya. In abin ya wuce haka, kada kowa ya kwance shi. A gaya wa malamin aji.

Riƙon Amana

Muna ba kowane aji shawara ya zaɓi mutum biyu masu lura da majigi. A sayi littafi, a rubuta sunayen kayan a shafin farko. Ran da aka karɓa a ƙirga, ran da za a mayar a sake ƙirgawa, a rubuta kwanan wata, a sa hannu. Ta haka majigi zai isa ƙauye na gaba da kayansa cif, ku kuma kun yi aiki da karatunku da rubutunku.

Tambayoyi

1. Daga ina kalmar majigi ta fito?
2. Mene ne bambancin HDMI da VGA?
3. Me za ku yi in hoto ya yi dishi-dishi?
4. Don me a ke jiran fanka ta tsaya kafin a zare waya?
5. In ana aiki da majigi awa 6 a mako, awa nawa ke nan a shekara?
6. Ku rubuta sunayen kaya shida da ke tafe da majigi.