Wa ke narkar da kara a tumbin saniya?

Mi ya sa saniya ke cin busasshen karan hatsi ta rayu, mu kuwa ko mun tauna shi ba ya yi mana amfanin komi?

Kara da haki an gina su ne da wani zare mai tauri da masana ke kira selulos. Asalinsa sukari ne, amma a ƙulle tamau. Ita kanta saniyar ba ta iya kwance shi. Masu aikin wasu ƴan mitsi-mitsin halittu ne, bakteriya, da ke zaune cikin babban tumbinta. A ɗigo guda na ruwan tumbi akwai miliyoyinsu. Sukan manne wa karan, su fitar da wani sinadari mai suna selulaz, shi kuma ya yanyanka zaren har ya koma sukari. Su ci, abin da suka fitar ya ratsa jinin dabba ya zama ƙarfi da nono. Tuƙar da take yi a inuwa ma su take farfasa wa karan.

To, ga inda zancen ya shafi aljihunmu. Da rani kara kaɗai ba ya isar waɗannan halittu, sai sun samu abinci mai gina jiki. Shi ya sa ɗan dunƙulen harawar wake ko ta gujiya ke sa dabba ta ci kara da yawa kuma ya karɓe ta. Jiƙa kara da takin ure, wajen kilo 4 ga kilo 100 na kara, a rufe mako biyu zuwa uku, shi ma yana tausasa zaren. Amma ure na kisa in an wuce ƙa'ida, kuma ba a ba jaki ko doki. A nemi malamin dabbobi tukuna.

Masu turkar ragon layya, ku ne muka fi ji wa tsoro. A tashi rana guda a cika wa rago hatsi ko dussa, tumbi ya yi tsami, masu narkar da kara su mutu. Rago ya bar tuƙa, ya kama zawo, wani ma ya kwanta ke nan. A riƙa ƙara hatsin kaɗan-kaɗan cikin mako biyu, kuma kada a raba shi da haki.